Daga Malfar Jaji Zuwa Kujerar Majalisa: Doguwar Tafiyar Mata a Hanyar Gwanja

 Ɗan'uwa makiyayi da ke bin shanu tsakanin Widana da Sankase, da kai direban da ke jiran a buga maka hatimi a Kulungugu, da ke Hajiya mai buhunan albasa a tashar Bawku, barkanku da war haka. Wannan shi ne jawabin da aka yi a filinmu na tarihi, mun sa shi a takarda saboda wanda bai kama tashar ba a daren. In ba ka karanta boko, ba laifi, miƙa wa wani ya karanta maka. In kuwa wadda za ta karanta maka 'yarka ce, to rabin maganarmu ya riga ya shiga tun ba mu fara ba.

Akwai wata magana da muke yawan ji a kara da bakin rijiya. In aka tayar da zancen karatun 'ya mace, ko haƙƙinta a gado, ko muryarta a taro, sai wani ya kaɗa kai ya ce, “Ai wannan kayan Nasara ne, iyayenmu ba su san shi ba.” To, Baffa, yau za mu bi sawun maganar nan kamar yadda kake bin sawun saniyar da ta ɓata. Za mu bi tsohuwar hanyar fatake, mu ga daga ina abin ya taso, wa ya tare shi, wa kuma ya sake buɗe masa hanya.

Kalmar da fatake suka kawo

Fara da kunnenka. A Bawku akwai Kusasi da Mamprusi da Busanga da Mosi, a Yendi akwai Dagomba, a Salaga akwai Gwanjawa, kowa da harshensa. Amma in an zo kan shugabar matan unguwa ko ta kasuwa, kalma ɗaya za ka ji: magajiya, wasu su ce magaziya. Kalmar Hausa ce, sarauta ce ta mata tun a Daura da sauran biranen Hausa, ta biyo ayarin goro ta zauna a nan. Kalma ba ta zama a ƙasar da ba ta sami aikin yi ba. Ta zauna ne don ta tarar da matan da ake saurara.

Ƙasar nan ma tana da nata tun kafin zuwan fatake. A Pusiga, nan kusa da mu, wurin Naa Gbewaa yake, kakan sarakunan Mamprugu da Dagbon da Nanun. A Dagbon har gobe akwai sarautun da ba a ba kowa sai 'ya'yan Ya Na mata, babbarsu ita ce Gundo Naa, a kusa da Yendi. Tana da fadarta, tana da dattawanta, tana sasanta rigima. Ka haura arewa zuwa Tankodogo, ka tambayi Mosi asalinsu, za su ce maka daga mace ne: Yennenga, 'yar sarkin Gambaga, mahayiyar doki, uwar Wedraogo. Ko ƙungiyar ƙwallon Burkina ta maza, sunan ingarman dokinta take ɗauke da shi.

Sai dai kada mu yi wa tarihi kwalliya. Waɗannan 'ya'yan sarauta ne. Talakar mace, mai daka da ɗiban ruwa da tsintar kaɗanya, ba ta ga wannan gata ba. Wadda ta fara kai mata karatu har ƙofar bukka, labarinta daga ƙarshen hanyar can gabas yake.

Malfar jaji

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, tun yana yawon wa'azi a Gobir da Zamfara, mata na zuwa majalisinsa, a zaunar da su gefe guda su saurara. Abin bai yi wa wasu malamai daɗi ba. Wani malami, Mustafa Goni, ya rubuto masa yana zarginsa da haɗa maza da mata. Shehu ya sa ƙaninsa Abdullahi ya mayar da amsa, amsar kuwa ita ce barin mata cikin jahilci ya fi wancan muni nesa ba kusa ba. A littafinsa Nurul Albabi, Shehu ya zargi malaman da ke tara almajirai a zaure don a yabe su, alhali matansu da 'ya'yansu mata na cikin gida ba su san ko hukuncin alwala ba. Ka lura, wannan fa tun Turawa ba su mulki ko taƙi ɗaya na ƙasar Hausa ba.

A gidan nan aka haifi Nana Asma'u a Degel, a 1793. Tana da kamar shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta ga yunwa da gudu da yaƙi da idonta. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wazirin ɗan'uwanta Muhammadu Bello. Da ta so, da ta zauna cikin gida ana kawo mata gaisuwa har ta mutu.

Amma yaƙi ya bar ƙasar cike da zawarawa da marayu da matan da aka kamo daga garuruwansu, ga kuma matan Fulani a rugage masu nisa da birni. Matar aure mai goyo da kiwo ba za ta bar gida ta tafi Sakkwato neman karatu ba. Sai Asma'u ta juya abin: in ɗaliba ba za ta iya zuwa ba, makaranta ta je. Tsakanin 1830 da 1840 ta kafa abin da ake kira 'Yan Taru. Daga kowane ƙauye a zaɓi dattijuwa mai hankali da amana, a naɗa ta jaji. Kai ɗan kasuwa ka san kalmar, domin jaji shi ne mai jan ayari. Asma'u da kanta take ɗora mata malfa, ta naɗa mata jan rawani a kai, don duk wanda ya gan ta a hanya ya san wannan ba wadda za a tare ba ce.

Jaji kan taho da tsofaffi da 'yan mata ƙanana, waɗanda ɗawainiyar gida ba ta ɗaure su ba, a ƙasa, wani lokaci tafiyar kwanaki. Su zo da sadakar hatsi da zuma da man shanu da zane, a rarraba wa mabukata. Su zauna su koyi darasi cikin waƙa, da harshen da suke ji: yadda ake salla da azumi, tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, haƙƙin maƙwabci, kula da mara lafiya, wankan gawa, gaskiya a mudu da awo. Su koma gida su rera wa matan da suka bari, a bakin turmi, a wajen kaɗi. Asma'u ta rasu a 1864, 'yar'uwarta Maryam ta ci gaba da aikin, kuma 'Yan Taru ba su mutu ba har bayan zuwan Turawa.

Riƙe wannan dabarar a ranka, Arɗo, za mu dawo kanta. Makarantar ba ta da gini ko benci. An auna ta ne daidai da rayuwar mutanen da ba sa zama wuri ɗaya.

Salaga: hanya ɗaya, kaya biyu

Daga Kano da Sakkwato ayari kan taso da kanwa da turkuɗi da fatu da dabbobi, ya ratsa Borgu ko Gurma, ya biyo ta Sansanne Mango da Yendi, ya sauka Salaga ya ɗauki goron Asante. Tafiyar watanni ce. A 1826 Baturen nan Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kayama yana dawowa daga Gwanja, ya ce mutanensa sun haura dubu, maza da mata. Mata na cikin fataucin nan tun farko. Su ke girki a zango, su ke da ƙananan hajoji, da yawansu kuma su ke ɗauke da kaya a ka.

A cikin mangalar jakunan akwai littattafai. Rubuce-rubucen Shehu da Abdullahi da Bello sun iso Gwanja da Dagbon ta wannan hanya, malamai suka kwafa. Alhaji Umaru, haifaffen Kano a 1858, ya zauna Salaga har yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, ya koma Kete Krachi inda ya rasu a 1934, almajiransa suka bazu cikin zanguna. Duk inda zango ya kafu, makarantar allo ta kafu, yarinya ma takan riƙe allo. Sai dai karatunta kan tsaya da wuri. Ta yi 'yan surorin salla, sai talla, sai aure, yayin da ɗan'uwanta ke zarcewa zuwa littattafai.

Ɗaya kayan kuwa, mutane ne. Salaga kasuwar bayi ce babba. Asante na karɓar bayi a matsayin gandu daga Dagbon da Gwanja, daga baya mahayan Zabarmawa ƙarƙashin Babatu suka yi ta kai hari ƙasar Gurunsi. Kabarin Babatu na nan a Yendi. A Salaga har yau akwai wurin da ake kira Wankan Bayi, akwai Rafin Angulu inda ake jefar da waɗanda suka mutu. Sunayen nan da harshenmu suke, ba mu da bakin cewa ba mu sani ba. Mata da yara su ne aka fi riƙewa a gida, don su noma, su daka, su haifa. Macen da ba ta mallaki kanta ba, wa zai yi zancen karatunta? Haƙƙin farko da matan yankin nan suka nema shi ne kada a sayar da su.

Duk da haka ka dubi abin da matan zango suka gina da hannunsu. Koko da ƙosai, wake da shinkafa da ake kira wace, tuwon zafi, fura: daga Bawku har Akra da sunan Hausa ake sayensu, kuma tukunyar mace ce ta kai su can. Da ribarsu da adashi aka yi wa 'ya'ya aure, aka je Makka, daga baya aka biya kuɗin makaranta.

Zamanin Turawa: arewa a baya, mace a bayan baya

Yanzu ga abin da zai ba mai cewa “kayan Nasara ne” mamaki. Nasara bai damu da karatun 'yarka ba. Ingila ta shimfiɗa mulkinta a arewacin ƙasar nan a 1902, Jamus ta riƙe Yendi har 1914. A Cape Coast an buɗe makarantar 'yan mata ta mishan tun 1836. A arewa kuwa makarantar gwamnati ta farko sai a 1909, a Tamale, kuma samari aka nufa da ita. Yendi da Salaga sai a shekarun 1920 suka samu. Sakandare ta farko a duk faɗin arewa sai 1951, saura shekara 6 a sami mulkin kai.

Ba mantuwa ba ce. Gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki arewa a matsayin rumbun lebura: masu haƙar zinariya, masu aikin gonar koko, soja da ɗan sanda. Wanda kake so ya ɗauki diga ba ka gaggawar ba shi alƙalami. 'Yan makarantun da aka buɗe, 'ya'yan sarakuna ake nema don a sami akawu da tafinta. Iyaye kuma suna tsoro, musamman Musulmi da ke ganin boko hanyar barin addini ce, tun da a wurare da yawa mishan ne ke riƙe da ita. Sarki ma in an matsa masa ya kawo yaro, sau da yawa maraya ko ɗan bara yake turawa. In haka aka yi da namiji, ina ga mace?

Ga kuma wani abu da ba a cika faɗa ba. Da samari suka tafi kudu neman kuɗin haraji da na aure, aikin gona da na gida ya faɗo kan mata da 'yan mata. Yarinyar da ke ɗiban ruwa, ta yi raino, ta kori tsuntsu a gonar gero, gidan ba ya iya sakinta. Wannan lissafin bai canza sosai ba har yau, kai ma ka sani.

Ƙuri'a da kujera

A zaɓen 1954 aka fara kaɗa ƙuri'a kai tsaye a ko'ina cikin ƙasar, mace da namiji, har da arewa. A ƙasashen da Faransa ke mulki, irin su Haute-Volta da Nijar, dokar 1956 ce ta ba kowa ƙuri'a. To amma jefa ƙuri'a daban, zama a inda ake yanke magana daban. Da aka sami mulkin kai a 1957, majalisar ba mace ko ɗaya. Sai gwamnatin Kwame Nkrumah ta yi doka ta musamman, a 1960 mata 10 suka shiga majalisa, uku daga arewa: Susanna Al-Hassan da Ayanori Bukari da Victoria Nyarko.

Susanna Al-Hassan, haifaffiyar Tamale a 1927, ta yi karatu a Achimota a lokacin da 'yan matan arewa da suka kai can ana ƙirga su da yatsu. Ta dawo gida ta shugabanci makarantar midil ta 'yan mata a Bolga daga 1955 zuwa 1960. A 1961 ta zama mataimakiyar ministan ilimi, daga baya minista, mace ta farko da ta riƙe irin wannan muƙami a Ghana. Ta kuma rubuta littattafan yara da sunaye irin namu, Issa da Amina da Asana, don yaron arewa ya buɗe littafi ya ga kansa a ciki. A 1961 ɗin ne aka yi dokar ilimi da ta sa firamare da midil kyauta kuma dole, aka kuma ware tallafi na musamman ga ɗaliban arewa.

Ka leƙa can gida ƙasar Hausa a wannan zamanin, ka ga bambanci. A Zariya akwai Hajiya Gambo Sawaba, an haife ta a 1933. Mahaifinta mutumin Gold Coast ne da ya je aikin jirgin ƙasa, ka ga ashe jininmu ne. Karatunta bai wuce 'yan azuzuwan firamare ba, an yi mata aure tana shekara 13. Ta shiga jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano, ta riƙa bi gida gida tana magana da matan kulle kan auren wuri da karatu da ƙuri'a. An yi mata duka, an aske mata kai, an ɗaure ta har sau 16. Matan arewacin Nijeriya ba su sami ƙuri'a ba sai 1976, shekara 22 bayan matan Bawku. Ta rayu ta gani, ta rasu a 2001.

'Yar Pusiga a majalisa

Dattawan Bawku ba sa buƙatar a gaya musu wace ce Hawa Yakubu. 'Yar Pusiga ce, an haife ta a 1948, ta yi makaranta a Zebilla da Navrongo, ta koyi aikin abinci da masauki a Akra. Tana cikin waɗanda suka zauna rubuta tsarin mulkin 1979. Bayan juyin mulkin 1981 ta yi shekaru a waje. Ta dawo gida, a 1992 ta tsaya takarar Bawku ta Tsakiya ba tare da jam'iyya ba, ta kuma ci. A majalisar nan mai kujera 200, mata 16 ne kacal. Manyan jam'iyyun adawa sun ƙaurace wa zaɓen, don haka 'yan takara biyu ne kawai suka shiga da ƙafarsu, dukansu mata, ita da wata daga Kintampo. Shekara huɗu muryarta na cikin 'yan ƙalilan da ke tashi su ce wa gwamnati a'a.

A 1996 ta faɗi, kuma wadda ta kayar da ita mace ce, Hajiya Fati Seidu. Ka ji fa, a Bawku, manyan 'yan takara biyu duka mata. Ta dawo a 2000, ta yi ministar yawon buɗe ido, ta wakilci Ghana a majalisar ECOWAS, ta rasu a Landan a 2007. Ko kana jam'iyyarta ko ba ka yi, ka san bayanta ba wanda zai ce 'yar yankin nan ba ta iya tsayawa gaban maza ta yi magana. Pusiga ta tura Hajiya Laadi Ayamba majalisa tun 2013, Salaga ta Kudu ta tura Hajiya Zuwera Ibrahimah a 2021. A Janairun 2025 Farfesa Naana Jane Opoku-Agyemang ta zama mataimakiyar shugaban ƙasa.

Dokoki ma sun biyo baya, kuma ya kamata ka san su don sun shafi gidanka. Dokar gado ta 1985 ta hana dangin miji korar matar mamaci da 'ya'yanta daga gida. A 1987 aka kafa sashen ilimin Musulunci a hukumar ilimi, aka haɗa Larabci da boko a makaranta ɗaya, tsoron iyaye da yawa ya ragu. A 1994 aka haramta kaciyar mata. Burkina ta haramta a 1996, Togo a 1998, saboda haka mai tsallaka iyaka da yarinya don a yi mata, laifi ya bari a baya, laifi ya tarar a gaba. Dokar yara ta 1998 ta sa shekarun aure 18. A 2007 aka yi dokar hana cin zarafi a cikin gida. Sakandare ta zama kyauta a 2017. A 2024 majalisa ta zartar da dokar da ke neman a ba mata kashi 30 cikin 100 na muƙamai, a riƙa ƙarawa har a kai rabi. A majalisar yanzu mai kujera 276, mata wajen 40 ne. Da sauran tafiya.

Abin da takarda ba ta gyara ba

Doka a Akra take, rayuwa kuwa a ruga da tasha. A Yulin 2020, a Kafaba kusa da Salaga, aka kashe wata tsohuwa mai shekara 90 da duka da rana tsaka, wai mayya ce, mutane na tsaye suna kallo. A Gambaga da Gnani kusa da Yendi har yanzu akwai matan da aka koro daga garuruwansu da irin wannan zargi, galibinsu zawarawa da tsofaffin da ba su da mai tsaya musu. A kasuwannin Kumasi da Akra, 'yan matan arewa ne ke ɗaukar kaya a ka, ana kiransu kayayei. Rabin kalmar ma tamu ce, kaya. Kakanninsu sun ɗauki goro daga Salaga, su suna ɗaukar doya a Agbogbloshie.

Ga rikicin Bawku. Ba za mu shiga wa ke da gaskiya ba, ba filinsa ke nan ba. Amma kowa ya ga abin da yake yi wa makaranta: dokar hana fita, malamai su nemi canjin wuri, aji ya zama kufai. In an sake buɗewa, yaro kan koma, yarinya sau da yawa an riga an ɗaura. Kuma kowa ya ga su wa suka riƙe gari lokacin da hukuma ta hana maza hawa babur: mata ne suka hau, suka kai mara lafiya asibiti, suka shigo da kaya kasuwa. A tsallaken iyaka, tashin hankalin Burkina ya rufe dubban makarantu, 'yan gudun hijira sun shigo mana da 'ya'yansu, su ma suna buƙatar aji.

Mun san uzurinka, Baffa, kuma ba na banza ba ne. Wa zai kai nono kasuwa? Makaranta na da nisa, hanya ba aminci. Da rani kuna nan, da damina kuna can. Wani wurin a ce ina takardar haihuwa, wani wurin a yi wa ɗan Fulani dariya. Ga tsoron kada ta dawo da abin kunya. Duk gaskiya ne. Amma ka ɗora ɗaya gefen a sikeli. Wa ke karanta maka takardar maganin shanu, ya gaya maka ko kwanansa ya wuce, ko cokali nawa ake ba maraƙi? Wa ke duba takardar ƙetare da dabbobi in an tsayar da kai a shinge? In an turo kuɗin bijimi ta waya, wa ke tabbatar maka sifili nawa ne? Ke Hajiya, sau nawa aka cuce ki wajen canjin sidi da sefa, ko aka karɓi kuɗinki a iyaka aka ba ki rasit ɗin da ba ki san me ke ciki ba? Kuɗin da gida ke asara a hannun baƙo mai karatu ya fi kuɗin nonon da yarinya ke kawowa.

Sannan ka tuna haƙƙin da ka riga ka yarda da shi. Sadaki na mace ne, ba na uba ba. Rabonta na gado Allah ne ya yanka. A ruga nono nata ne, saniyar da aka ba ta tata ce da 'ya'yanta. Macen da ta san lissafi da hukunci ita ce ke iya riƙe abin nan in miji ya faɗi, 'yan'uwa suka taso.

Dabarar Nana Asma'u kuwa ba ta tsufa ba. A 1995 aka fara wani shiri a yankin Dagbon mai suna School for Life: aji da rana bayan an gama aikin safe, wata 9, da harshen gida, malami ɗan garin da jama'a suka zaɓa, ana neman rabin ajin su zama mata, daga nan yaro ya shiga makarantar gwamnati. A Nijeriya tun 1989 akwai hukumar ilimin makiyaya, tana aiki da makarantun tafi-da-gidanka da rediyo. Ka ga, jaji ce ta dawo da wata riga. Tun 2018 kuma hukumar ilimi ta Ghana ta ce yarinyar da ta haihu tana da damar komawa aji, ba a kore ta.

To ga abin da muke roƙo kafin kasuwa uku ta zagayo. Arɗo, ka tara mutanenka ku ƙirga 'yan matan da suka isa makaranta ba sa zuwa. Magajiya, ki nemo dattijuwa ko budurwa ɗaya mai karatu da za ta zauna da su da yamma, ko da a gindin kuka ne. Ku je wurin ɗan majalisar gunduma da shugaban makaranta mafi kusa, ku tambayi yadda ake samun takardar haihuwa da yadda za a karɓi yaran da ke tafiya da shanu. Kai direba, in ka ga yarinya ƙarama ita kaɗai za ta hau motar Kumasi, tambaye ta wa ya san da tafiyarta.

Matan da suka taka daga ƙauyukansu zuwa Sakkwato a bayan mai malfa, ba su tafi a ɓoye ba. Wani miji ne ya ce je ki, wani uba ne ya riƙe gida har su dawo. Tarihi bai riƙe sunayen mazan nan ba, amma da sun hana, da ba mu da labarin da za mu ba ku yau. Yanzu layi ya zo kanka.

Mai tambaya ko ƙarin bayani, ko wanda kakarsa ta ba shi labarin zango da makarantar allo ta mata, ya aiko mana ta hannun wakilinmu ranar kasuwa, za mu karanta a fili na gaba. Allah ya ba mu zaman lafiya a Bawku da kewaye, ya tsare dukiya da hanya, ya yi wa zuri'a albarka, mata da maza.